Mun Gyara, Amma Jama'a na Ganin Tsohon: Abin da Ke Hana Shafin Intanet Sauyawa

Makaranta ta ɗage ranar jarrabawa, ta rubuta sabuwar rana a shafinta na intanet, amma ɗalibai suka cika harabarta a tsohuwar ranar, kowa da waya a hannu yana nuna abin da shafin ya faɗa masa. Jarida ta gyara sunan wani da ta rubuta ba daidai ba a labarin kotu, edita ya duba ya ga gyaran ya hau, amma har washegari 'yan uwan mutumin na kira suna cewa ba a taɓa komai ba. Mai sayar da kaya ya ƙara farashi, abokin ciniki ya zo da hoton shafi ɗauke da farashin makon jiya. Duk wanda ya taɓa riƙe shafin intanet ya san irin wannan, ya kuma san amsar da aka saba bayarwa: a ce wa mai ƙorafi ya share abin da burauzarsa ta ajiye, ko ya sake loda shafin, ko ya gwada wata wayar. Wani lokaci hakan na aiki. Sau da yawa kuwa tsohon kwafin ba a wayar mai karatu yake ba. Yana can wajen mai shafin, a kan injinan da shi ke biyan kuɗinsu, kuma ko mai karatu ya share wayarsa sau ɗari ba abin da zai sauya. A ganina, a mafi yawan irin waɗannan matsaloli babu injin da ya lalace. Injin ya bi umarnin da aka ba shi ne, ko kuma da bai sami umarni ba ya yi kirdado. Saboda haka gyara na gaskiya yana farawa da gano wane inji ne ke riƙe da tsohon kwafin da kuma wane umarni yake bi, yana kuma ƙarewa da shawarar da mai shafin ne kaɗai zai iya yankewa: tsawon wane lokaci aka yarda wannan bayani ya tsufa a idon jama'a.

Kafin a kai nan sai an san yadda ake samar da shafin. Yawancin shafukan yau ba a kammale suke ajiye ba, harhaɗa su ake yi a lokacin da aka nema. Idan ka danna adireshi, buƙatarka na isa ga babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira uwar garke. Ita kuma sai ta tayar da manhajar shafin, misali WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. Manhajar ta tambayi rumbun bayanai kanun labarin, ta tambaye shi sunan marubuci, hotuna, jerin labaran gefe, sau gommai a shafi guda, sannan ta ɗinke su ta miƙo maka. Ga mai karatu ɗaya wannan ba wani aiki ba ne. Ga mutum dubu goma da suka zo a minti guda, kamar ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, aiki ne da ke durƙusar da inji. Dabarar da aka samo ita ce a harhaɗa shafin sau ɗaya, a ajiye kwafinsa a kusa, duk wanda ya zo daga baya a ba shi kwafin. Wurin ajiyar shi ne ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu sana'ar ke kira kash. Brad Fitzpatrick ya rubuta Memcached a 2003 domin rage wa rumbun bayanan shafin LiveJournal nauyi. A 2006 Poul-Henning Kamp, ɗan ƙasar Denmak, ya fitar da Varnish, wadda aka gina domin jaridar VG ta ƙasar Norwe. Tun 1998 kuma kamfanin Akamai ya kafu a kan sana'ar baza kwafe-kwafen shafuka a birane daban-daban, domin nisa ma matsala ce: haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan guda, kuma buɗe shafi ɗaya na buƙatar kai da kawowa da yawa. Shi ya sa mai karatu a Kano ko Maraɗi ke jin bambanci idan kwafin shafin da ke Amurka ya fito masa daga injin da kamfanin Cloudflare, mai irin wannan sana'a, ya kafa a Legas.

Matsalar ita ce ma'ajiyar ba ɗaya ba ce. Jere suke hawa-hawa, kuma sau da yawa mai shafin bai san adadinsu ba. Akwai wadda ke riƙe amsoshin rumbun bayanai, irin Redis ko Memcached. Akwai ƙarin manhajar da aka liƙa wa WordPress, irin WP Super Cache ko W3 Total Cache, mai ajiye shafin gaba ɗayansa. A gabanta akwai Nginx ko Varnish ko LiteSpeed da kamfanin masauki, wato wanda ke ba shafin hayar uwar garke, ya kafa, wani lokaci ba tare da ya faɗa wa kowa ba, domin yana tallata hakan a matsayin saurin da ya ba ka kyauta. A gaban wannan kuma akwai kamfanin rarraba shafuka mai injina a birane masu yawa, sai burauzar mai karatu a ƙarshe. Abin ya yi kama da umarnin sarki da ke bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kowannensu ya kwafi takardar ya ajiye yana amsa wa jama'a daga ita. Idan sarki ya sauya magana amma ɗan aike ya tsaya a gidan hakimi, mai unguwa zai ci gaba da karanta wa mutane takardar farko da zuciya ɗaya, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Tambayar mai bincike ita ce a wace ƙofa saƙon ya tsaya.

Waɗannan injina ba da ka suke aiki ba, akwai ƙa'ida a rubuce. Duk amsar da uwar garke ta aiko tana zuwa da 'yan layukan bayani a samanta waɗanda mai karatu ba ya gani. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne Cache-Control, wanda ya shigo tare da HTTP/1.1 a 1997, kuma sabon tsarin dokokinsa na cikin kundin RFC 9111 na 2022. Idan layin ya ce max-age=3600, ma'ana a ɗauki kwafin a matsayin sabo har sakan 3,600, wato awa guda, ba sai an koma an tambaya ba. Idan wa'adin ya cika, ma'ajiya na iya komawa ta tambayi uwar garke ko shafin ya sauya, ita kuma ta amsa da lamba 304, wato yana nan yadda yake, ba sai an sake aiko shi ba. Har nan babu rikici. Inda rikicin yake shi ne lokacin da uwar garke ta yi shiru, ba ta faɗi wa'adi ba. Mutane na zaton shiru na nufin kada a ajiye. Ƙa'idar kuwa ta ba ma'ajiya damar yin kirdado, kuma abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ɗin ya yi ba a taɓa shi ba. Fayil ɗin da ya kwana 100 ba a sauya shi ba ana iya riƙe shi kwana 10 ba tambaya. Duba irin fayil ɗin da wannan ya fi cutarwa: jadawalin da ya daɗe a wurinsa, yau kuma aka sauya shi da gaggawa. Varnish, idan ba a gaya mata komai ba, tana riƙe kwafi sakan 120. Cloudflare a tsarinsa na asali yana ajiye hotuna da fayilolin ado amma ba ya ajiye rubutun shafin kansa, sai dai mutane da yawa na kunna masa ƙa'idar ajiye komai domin neman sauri, su manta sun kunna. Duk inda ka duba, ko dai wani ya sa wa'adi, ko ya bar inji ya sa masa.

Sai kuma abin da ya fi jawo musu tsakanin mai shafi da jama'arsa, wato shi yana ganin sabo su suna ganin tsoho. Dalilin a fili yake. Wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa yana ɗauke da wata alama a burauzarsa, kuma kusan duk ma'ajiyoyin an tsara su su kauce wa mai wannan alama, su bar shi ya wuce kai tsaye zuwa manhaja. Wato mutumin da ya yi gyaran shi ne wanda ba zai taɓa ganin matsalar ba. Masu rubutu a Wikipedia ta Hausa na cin karo da wannan tsari: wanda ya shiga da sunansa yana samun shafin daga tushe, baƙon mai karatu kuwa daga ma'ajiya ake ba shi. Wikipedia ta magance yawancin abin ta hanyar aika saƙon sharewa zuwa ma'ajiyoyinta a duk lokacin da aka gyara maƙala, ta kuma tanadi umarnin action=purge da ake liƙawa a adireshi domin shafin da ya maƙale. Ƙananan shafuka da yawa ba su da wannan tanadi. Saboda haka matakin farko na bincike ba ya buƙatar ilimin kwamfuta: ka fita daga asusunka, ka buɗe shafin a matsayin baƙo, a wata na'ura da wani layin intanet. Kafin a yi wannan, duk wanda ya ce wa mai ƙorafi laifin wayarsa ne ya yanke hukunci ba tare da ya ga abin da ake magana a kai ba.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi, domin shi ake tsallakewa. Da zarar an tabbatar tsohon kwafi na nan, hannu kan tafi kai tsaye ga maɓallin share komai. Ina ganin wannan kuskure ne, domin tsohon kwafin shi ne shaidar da za ta nuna inda matsalar take, kuma yana ɗauke da bayanin kansa. Kowace burauzar kwamfuta tana da sashen masu gini inda ake ganin waɗancan ɓoyayyun layuka, ko a yi amfani da ƙaramar manhajar curl. Layin Age yana faɗin sakan nawa kwafin ya yi tun fitowarsa daga tushe. Idan ya nuna 70,000, kusan awa 20 ke nan, ka san ba abin minti biyu kake nema ba, wani ya sa wa'adin kwana guda ko fiye. Cloudflare na rubuta HIT a layin CF-Cache-Status idan daga ajiyarsa ya ba ka, MISS idan sai da ya je ya ɗauko, DYNAMIC idan ma ba ya ajiye irin wannan shafin, wanda ke wanke shi daga zargi nan take. LiteSpeed na da nata layin, WP Super Cache kuma tana barin rubutu a can ƙasan lambobin shafin mai nuna rana da lokacin da ta ajiye shi. Daga nan sai a yi ta cire waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. A ƙara wani abu marar ma'ana a ƙarshen adireshin, kamar ?a=1, wanda yawancin ma'ajiyoyi za su ɗauka a matsayin sabon shafi da ba su taɓa gani ba. Idan sabon bayani ya fito, mai ajiye cikakken shafi ne ke riƙe da tsohon. A nemi shafin kai tsaye daga uwar garke, a kauce wa kamfanin rarrabawa, a ga ko amsar ta bambanta. Idan kuma ta kowace hanya tsohon ne ke fitowa, to matsalar ta fi zurfi: tana cikin Redis ko Memcached, ko kuma gyaran bai taɓa shiga rumbun bayanan da shafin ke karantawa ba. In gyaran a cikin lambobin manhaja aka yi shi, a duba OPcache, wadda ke zuwa tare da yaren manhaja na PHP tun fitowar 5.5 a 2013. Idan an kashe mata duba lokacin sauyin fayil, za ta ci gaba da gudanar da tsohuwar manhaja har sai an sake tayar da ita. Sharewa ma tana da tsari: daga ciki ake farawa a fito waje. Wanda ya fara share ta waje ya aike ta ne ta sake ɗauko tsohon kwafin daga ta ciki, ta kuma ba shi sabon wa'adi.

Gano ma'ajiyar rabin aiki ne, saura a san me ya sa ba a sanar da ita sauyin ba. Amsoshin ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu daga shafi zuwa shafi. Labari ɗaya yana bayyana a wurare da yawa, a shafinsa, a shafin farko, a sashen siyasa ko wasanni, a jerin labaran marubuci, amma manhaja ta share shafin labarin kaɗai. Shafi ɗaya yana da adireshi fiye da ɗaya, mai www da marar shi, na waya da na kwamfuta, na Hausa da na Turanci, kuma ma'ajiya na riƙe kowanne da mabuɗinsa daban. An sauya farashi ta hanyar loda babban jadawali kai tsaye cikin rumbun bayanai, manhajar da ya kamata ta aika saƙon sharewa ba ta ma san an yi ba. Lambar izinin da shafin ke amfani da ita wajen yi wa kamfanin rarrabawa magana ta daina aiki, saƙon sharewa na fita ana ƙin karɓarsa, babu mai dubawa. Ko kuma uwayen garke biyu ne ke raba aiki, aka share ɗaya aka bar ɗaya, shi ya sa shafin ke fitowa sabo yanzu, tsoho an jima. Wannan alama ta ƙarshe tana ruɗa mutane har su ce abin ba shi da kan gado, alhali ita ce ta fi kowace saurin nuna inda za a duba.

Mai sana'a zai iya cewa duk wannan dogon Turanci ne: shugaba na kan waya yana faɗa, maɓallin share komai na gyara abin cikin sakan biyar, wa ke da lokacin karanta layuka? Akwai gaskiya a nan, kuma idan bayanin da ke fita na cutar da mutane a share shi nan da nan. Amma adana waɗancan layuka kafin a danna maɓallin bai wuce aikin minti ɗaya ba, kuma rashinsa na nufin gobe za a sake yin wannan kiran, domin abin da ya hana saƙon isa yana nan. Akwai kuma haɗarin da ba a cika lura da shi ba. Ma'ajiyar da aka share gaba ɗaya tana tura dukan baƙi kan rumbun bayanai a lokaci guda, rumbun da wataƙila ya daɗe yana ɗaukar ɗan kaɗan daga cikin nauyin. Facebook ya ɗanɗana irin wannan a ranar 23 ga Satumba 2010. Wani gurɓataccen saiti ya sa kowane inji ya ɗauka abin da ke ma'ajiya ba daidai ba ne, duk suka ruga ga rumbun bayanai da dubban ɗaruruwan tambayoyi a sakan guda. Da rumbun ya kasa amsawa, injinan suka ɗauki kasawar a matsayin ƙarin shaidar kuskure, suka ƙara share ajiyar, abin ya yi ta ciyar da kansa. Sai da aka kashe shafin baki ɗaya kafin a farfaɗo da shi, bayan kusan awa biyu da rabi. Ƙaramin shafi a kan masauki mai arha na iya faɗuwa ta wannan hanya, kuma lokacin da ake gaggawar sharewa galibi shi ne lokacin da jama'a suka fi cika shafin.

Wani kuma zai ce to a kashe ma'ajiyar mana a huta. Ga shafin ƙaramar ƙungiya da mutum hamsin ke leƙawa a rana, ban ga laifin wannan ba, kuma ya fi a tara ma'ajiyoyi huɗu da babu wanda ya fahimce su. Amma shafukan da tsohon bayani ya fi yi wa illa, na jarida, na makaranta, na hukuma, su ne kuma waɗanda jama'a ke yi wa rubdugu a ranar da aka fi buƙatarsu. Kashe musu ma'ajiya gudun gara ne a faɗa gidan zago: an kauce wa tsohon bayani, an samu shafin da ba ya buɗewa sam. Abin da lissafi ke nunawa shi ne ba a buƙatar dogon wa'adi kafin a ci ribar. Shafin da ake nema sau 600 a minti, idan aka ba shi wa'adin sakan 60, sau ɗaya za a harhaɗa shi a maimakon sau 600. An sauke fiye da kashi 99 cikin 100 na nauyin, kuma mafi munin abin da zai faru shi ne mai karatu ya ga bayanin minti ɗaya da ya wuce. Ƙara wa'adin zuwa kwana guda ɗan abu kaɗan zai ƙara ragewa, amma ya ninka tsawon kuskuren sau 1,440. Mutane da yawa na biyan wannan tsada ba tare da sun taɓa yin lissafin ba. Tun 2010 ma akwai umarnin stale-while-revalidate, mai ba ma'ajiya damar miƙa kwafin da ya ɗan wuce wa'adi yayin da take ɗauko sabo a bayan fage, don kada kowa ya tsaya jira. Hotuna da fayilolin ado kuwa an daɗe da samo musu hanya mafi tsafta: a ba su wa'adin shekara guda, sakan 31,536,000, amma duk lokacin da aka sauya fayil a sauya masa suna. Sabon suna ba ya cikin ajiyar kowa, don haka babu abin sharewa.

Akwai suka mafi nauyi da za a yi wa matsayina, wato cewa ina ɗora wa mutane laifin abin da a asalinsa mai wuya ne. Masu ilimin kwamfuta na yawan ambaton maganar da ake jingina wa Phil Karlton na kamfanin Netscape, cewa sanin lokacin da za a soke abin da aka ajiye na cikin abubuwa biyu mafi wuya a fanninsu. Kuma akwai tsufan da ba sakaci ne ke kawo shi ba. Ɗauki wannan: wani inji ya nemi bayani a ma'ajiya bai samu ba, ya je rumbu ya karanto. Kafin ya dawo, wani ya sauya bayanin a rumbu, ya aika a share ajiyar, aka share. Sai na farkon ya iso da tsohon abin da ya karanto ya ajiye. Kowa ya bi ƙa'ida, amma tsohon bayani ya zauna daram. Injiniyoyin Facebook sun bayyana wannan a wata maƙala ta 2013, tare da maganinsu: a ba wanda ya tafi ɗauko bayani wata shaidar izini, wadda ke mutuwa idan an yi sharewa a bayansa, don kada a karɓi abin da ya kawo. Na yarda da wannan duka, amma a wurina hujja ce ta ƙara tsanantawa. Tunda saƙon sharewa na iya ɓata ko ya yi saɓani ko da an yi komai daidai, bai kamata a dogara da shi kaɗai ba. Dole kowane kwafi ya kasance da wa'adin da zai mutu da kansa, kuma wa'adin ya zama wanda za a iya jurewa a ranar da saƙon bai isa ba. Wanda ya sa wa'adin wata guda yana mai cewa ai manhaja za ta share idan an yi gyara, ya amince ke nan kuskurensa ya yi wata guda a duk ranar da manhajar ta gaza.

Akwai kuma shafukan da wa'adinsu ya kamata ya zama babu. A ranar 25 ga Disamba 2015 aka kai wa Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, harin cunkoso. Domin rage nauyi aka sauya ƙa'idojin ajiya cikin gaggawa, sai sabuwar ƙa'idar ta fara ajiye shafukan mutanen da suka shiga da asusunsu. Na kusan awa ɗaya da rabi, mutum zai buɗe shafinsa ya ga na wani: adireshin imel, adireshin gida, tarihin sayayya, lambobi biyu na ƙarshen katin banki. Kamfanin ya ce abin ya shafi kimanin mutum 34,000. Irin injin da ke nuna farashin makon jiya ne ya yi wannan, kuma rashin faɗa masa iyakarsa ne ya kai shi nan. Duk shafin da ke ɗauke da bayanin mutum ɗaya, sakamakon ɗalibi, takardar asibiti, kwandon sayayya, dole ya fito da umarnin private, wanda ke hana ma'ajiyoyin tarayya riƙe shi, ko no-store, wanda ke hana kowa. Da yawa na rubuta no-cache suna zaton sun hana ajiya, alhali shi yana ba da izinin ajiyewa ne bisa sharaɗin a koma a tambaya kafin a miƙa.

Wanda ya kafa uwar garke ya san yadda ake rubuta max-age, amma ba shi ya san cewa sanarwar ɗage jarrabawa ba ta jure tsufan minti goma ba, ko cewa tarihin kafuwar makaranta na iya kwana bakwai ba a taɓa shi ba. Magatakarda ne ya san wannan, da edita, da mai kanti. A wurare da yawa ba a taɓa zaunar da ɓangarorin biyu a teburi ɗaya ba, shi ya sa wa'adin da ke aiki shi ne wanda ƙarin manhajar ya zo da shi daga masana'anta. Zaman ba zai wuce awa ɗaya ba: a jera ire-iren shafukan, a rubuta wa kowanne tsawon tsufan da aka yarda da shi, a rubuta sunayen ma'ajiyoyin da ke tsakanin rumbu da mai karatu da wanda ke riƙe da mabuɗin kowacce, har da ta kamfanin masauki, wadda sai an tambaya ake sanin tana nan. A kuma kula da bambanci guda da ke da muhimmanci. Ma'ajiyar uwar garke da ta kamfanin rarrabawa ana iya aika musu su share, amma kwafin da ya riga ya shiga burauzar mutane babu hanyar kiransa ya dawo, sai wa'adinsa ya cika. Domin haka aka tanadi s-maxage, wanda ma'ajiyoyin tarayya kaɗai ke bi: a ba su wa'adi mai ɗan tsawo tunda ana da iko da su, a ba burauza gajere sosai a kan rubutun shafin. Bayan an gama, a gyara kalma ɗaya a wani labari, a fita daga asusu, a duba agogo a ga minti nawa gyaran zai ɗauka kafin ya bayyana a shafin labarin, a shafin farko, da kuma a waya. Idan lokacin ya wuce abin da aka rubuta a takarda, akwai wata ma'ajiya da ba ta cikin jerin.